Wa Ke da Magana a Bakin Tabarmar Tsoho?

Bazarar bara na yi kwana uku a wani ƙauye na ƙasar Garhanga, can cikin duwatsun Adar. Gidan da na sauka, maigidan yana kwance wata na biyu ke nan. Tuwo ya daina wucewa, daga kunu sai ruwa. Da hantsi akan fito da shi a shimfiɗa masa tabarma a inuwar rumbu, ƙanensa ya zauna wajen kansa da tasbaha, ƴarsa kuma tana kore masa ƙuda da mafici. Ana cikin haka salular ƙanen ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga ɗan farin tsohon, wanda ke Abijan shekara huɗu bai taka gida ba. Aka kunna, kowa ya ji.

"Baffa, don girman Allah ku ɗauke shi ku kai shi Galmi. Na aiko kuɗi tun jiya. Kada ku zauna kuna kallonsa haka. Ku ce masa ya daure, ya ci abinci, ya tashi."

Muryar tana rawa, rabi roƙo rabi faɗa. Tsohon ya buɗe ido. Bai kama sunan ɗan ba, don uba ba ya kama sunan ɗan fari. Ya ce, "Ku gaya wa yaron nan, in kuɗin sun isa mota, ya hau ya zo. Ni ba inda za ni."

Tun daga ranar nake ta juya maganar nan tasu, kuma abin da ya taimake ni na ga bakin zarenta waƙoƙi biyu ne daga ƙasashen da babu wanda ya taɓa jin sunan Garhanga a cikinsu. Ɗaya ta wani mutumin Wales ta Birtaniya ce, ɗaya ta wani jarumin Sifaniya. Dukkansu ƴaƴa ne da suka tsaya kan uba mai shirin tafiya, amma abin da kowannensu ya nema daga uban nasa ya yi hannun riga da na ɗan'uwansa.

Mutumin Wales ɗin, Dylan Thomas, an haife shi a garin Swansea a 1914. Mahaifinsa, David John Thomas, malamin Ingilishi ne a makarantar sakandaren garin, mutum mai zafin rai da kaifin harshe, wanda ya so ya zama mawaƙi bai samu ba. Shi ya riƙa karanta wa yaron Shakespeare da babbar murya tun kafin yaron ya san ma'anar kalmomin. A 1933 sankara ta kama shi a maƙogwaro, aka yi magani ya tashi, amma bai koma yadda yake ba. Da tsufa ya zo, ido ya fara tafiya, mutumin da ɗalibai ke tsoron tarinsa ya zama shiru-shiru, sai yadda aka yi da shi. Wannan laushin ne ɗan ya kasa jurewa. Ya rubuta masa waƙa mai ɗango 19, baiti biyar ƙwar uku da na ƙarshe ƙwar huɗu, aka buga ta a wata mujalla a birnin Roma a 1951. Ɗangwaye biyu ne ke ta dawowa a cikinta bi da bi, kowanne sau huɗu, kamar amshin ƴan mata a dandali, kuma duka biyun abu guda suke nema: kada uban ya miƙa wuya cikin sauƙi, ya fusata, ya yi kokawa. Ya jero masa irin mutane huɗu, masu hikima da mutanen kirki da ƴan sharholiya da waɗanda ido ya fara mutuwa, ya ce kowannensu in ajali ya matso yakan ga akwai abin da bai gama ba, don haka ba ya tafiya salin alin. Sai a baitin ƙarshe ya juyo ya fuskanci uban kai tsaye.

A nan ne kunnen Bahaushe zai yi tsai. Abin da ya roƙa a wannan baitin shi ne uban ya tsine masa ko ya sa masa albarka, duk wanda ya samu yana so, in dai zai fito da zafi. Mu da muka tashi muna tsoron bakin iyaye fiye da tsoron maciji, wannan magana ce da ko mahaukaci ba zai yi ba. Amma in ka natsu za ka ji abin da ke ƙarƙashinta. Yaro ne ke neman ubansa na da, mai tsawa, don ubansa na yanzu mai shiru yana ba shi tsoro. Tsinuwa ma alama ce ta cewa mutum yana nan. Ɗan da ke Abijan da ya ce "ya daure, ya tashi," wannan yaren yake yi, ko da bai taɓa jin sunan Dylan Thomas ba.

Sai dai akwai wani abu da masu yabon waƙar ba su cika faɗa ba. Da ya aika ta ga mai mujallar, ya rubuta mata a wasiƙa cewa mutum ɗaya ne ba zai iya nuna wa waƙar ba, shi ne mahaifinsa, don bai san mutuwa yake yi ba. Ka ji fa. Waƙar da duniya ke karantawa a matsayin kiran ɗa ga uba, an rubuta ta ne a bayan idon uban. Ni a ganina wannan ya nuna ko ta wane ne. Kukan ɗa ne aka sa wa rigar umarni. Tsohon ya rasu a Disambar 1952, shi kuma mawaƙin bai cika shekara ba ya bi shi, a wani asibiti a New York, ran 9 ga Nuwambar 1953, yana da shekara 39.

Ɗayan kuwa, Jorge Manrique, ya riga shi da kusan shekara 500. Ubansa, Rodrigo Manrique, babban mayaƙi ne kuma shugaban wata rundunar mahaya dawaki ta Kiristocin Sifaniya, ya rasu a garin Ocaña a 1476. Ɗan ya yi masa waƙa mai baiti 40, kowane baiti ɗango 12. Abin mamaki, sai an wuce rabinta kafin a ambaci uban. Farkonta duk wa'azi ne: duniya ba gidan zama ba ce, rayuka kamar koguna suke masu gangarawa teku, babba da ƙarami can za su haɗu, ina sarki wane, ina fadawansa, ina adon matan fada. Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Tamaske ya saurari makaho yana rera Imfiraji ta Aliyu Namangi zai rantse ya san wannan muryar. Ba kuma abin mamaki ba ne ƙwarai, don Sifaniya ta zauna da Musulmi ƙarni kusan takwas, har masana sun daɗe suna kwatanta waƙar da marsiyyar da Abul Baƙa'i ar-Rundi ya yi wa biranen Andalus. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba: cikin abin da ɗan ya yabi uban da shi har da yaƙin da ya yi da Musulmin Garnaɗa. Wannan ba zai yi mana daɗi ba, amma ba shi ya kawo mu ba.

Abin da ya kawo mu shi ne ƙarshenta. Mutuwa ta zo ƙofar gidan tsohon ta yi sallama, ta yi masa magana da ladabi kamar baƙo mai mutunci, ta tuna masa cewa wanda bai ja da baya a fagen fama ba bai kamata ya ja yau ba. Tsohon ya amsa cewa ya yarda, don mutum ya nace sai ya rayu alhali Ubangiji ya so ya tafi, wauta ce. Ya yi addu'a, ya cika da hankalinsa, matarsa da ƴaƴansa da ƴan'uwansa da barorinsa suna kewaye da shi. A wannan waƙar jarumtaka ita ce yarda. Shi ma Jorge bai daɗe ba, an yi masa rauni a yaƙi ya mutu a 1479.

Da za a karanta wa dattawan Garhanga waƙoƙin nan biyu a ƙofar masallaci bayan la'asar, na san inda za su karkata, ba sai an ƙirga hannu ba. Ta biyun ce tamu. Duk almajirin da ya yi nisa a makarantar zaure ya bi ta kan babin nan na Risalar Ibn Abi Zaid da ke bayanin abin da ake yi wa wanda ke gargara: a fuskantar da shi alƙibla, a laƙƙana masa kalmar shahada, a rufe masa ido in ya cika, hawaye ba laifi, amma an hana kururuwa da ihu. Kuma muna da abin da ya fi kowace waƙa. Lokacin da ciwon ƙarshe ya tsananta ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Nana Faɗima ta kasa daurewa ta furta baƙin cikinta kan wahalar da mahaifinta ke sha. Bai tsawata mata ba. Ya kwantar mata da hankali cewa daga yau wahala ta ƙare masa. Kafin nan ya yi mata raɗa ta yi kuka, ya sake yi mata ta yi dariya, don ya gaya mata ita ce za ta fara riskarsa cikin iyalinsa. Haka kuwa aka yi, wata shida tsakani. A lura da wanda ke lallashin wani a nan: uban ne ke riƙe da ƴar.

To in haka ne, me ya rage mu koya daga mutumin Wales? Da farko na ɗauka babu. Tsofaffin da ke kwance yau a Garhanga da Ibohaman da Tamaske ba mutanen da za a koya wa kokawa ba ne. Su suka ga yunwar 1973 da 1974, suka ga ta 1984 wadda ake kira El Buhari, lokacin da Nijeriya ta rufe iyaka kuma sama ta hana ruwa. A 1984 ɗin ce aka fara babban aikin raya ƙasar Keita da kuɗin Italiya, aka jera duwatsu a kan fako, aka haƙa ramuka a jikin tuddai, aka dasa miliyoyin itatuwa, kuma galibin masu ɗaukar dutsen mata ne da ake biya da abinci, don mazan sun tafi bida. Wanda ya shekara saba'in yana tono hatsi daga cikin tsakuwa, ka zo ka tsaya kansa kana ce masa ya yi ƙoƙari? Ai ya gama nasa. In ya ce ya gaji, ya fi kowa sanin abin da yake faɗa. A nan ina bayan tsohon mai masaukina ɗari bisa ɗari, kuma ina ganin Dylan Thomas ya ɗora wa ubansa kayan da shi ya kamata ya ɗauka.

Amma da na ƙara zama da maganar sai na ga inda namu ɗakin ke yoyo. Waƙoƙinmu na mutuwa iri biyu ne. Akwai na wa'azi, masu tsoratar da mai lafiya da kabari da hisabi. Akwai marsiyya, wadda ke farawa bayan an dawo daga maƙabarta. Nana Asma'u, ƴar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, gwana ce a wannan fage: ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, ta yi wa aminiyarta A'isha, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, takan bar hawaye ya zuba sannan ta jero halayen mamacin ta mayar da al'amari ga Allah. Tsakanin wa'azi da marsiyya kuwa akwai wani fili, watannin jinya, lokacin da uba yana nan amma yana tafiya. Da wuya ka ji mawaƙinmu ya shiga wannan filin. Kunya ta tsare ƙofar. Ɗan da ba ya haɗa ido da ubansa, ba ya cin abinci kwano ɗaya da shi, yaya zai buɗe baki ya ce "Baba, ina jin tsoron ka tafi"? Sai abin ya fito ta wata kafa: faɗa da Baffa a waya, zargin ƙanne cewa sun yi sakaci, aiko kuɗin da aka ranto. Darajar waƙar Thomas ita ce ta kira wannan abin da sunansa. Ta nuna cewa ɗa na iya son ubansa har ya ji haushinsa don zai mutu, kuma wannan bai mai da shi mara imani ko mara tarbiyya ba. Da Baffan nan ya san haka, da bai kashe salular yana tsaki yana cewa yaran zamani ba su san ƙaddara ba.

Sannan akwai yoyo na biyu, wanda ya fi ciwo. Haƙurinmu wani lokaci yakan yi sammako. Tsoho ya fara kasa yin fitsari, ko tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko ƙafa ta kumbura, sai ka ji an ce "jikin tsufa ne," a jiƙa saiwa, a yi rubutu, a zauna. Ba na raina rubutu. Amma nawa ne daga cikin waɗannan cututtukan da likita a Keita ko Tawa ko Galmi zai iya sassautawa in an je da wuri? Mun sani sarai cewa addinin da ya ce a yarda da ƙaddara shi ya ce a nemi magani, kuma shi ya hana mutum fatan mutuwa don wata cuta da ta same shi. Sau da yawa abin da ke bayan "sai haƙuri" lissafi ne: kuɗin mota, kuɗin gado, wa zai bar gona ya yi zaman jinya, buhun albasa nawa za a sayar. Talauci gaskiya ne, ban musa ba, kuma hanyoyin Adar in damina ta sauka ba wasa ba ne. Amma a kira shi talauci, kada a sa masa rawanin tawakkali. A wannan gaɓar ce taurin kan mutumin Wales ke da amfani, in aka juya shi ya fuskanci masu lafiya. A wata na farko na ciwo, lokacin da tsohon ke iya zama a bayan babur, a nan ake son ɗa mai faɗa. Ɗan Abijan ya yi faɗansa daidai, makara kawai ya yi da wata biyu.

Me ya sa ya makara? Nan ne na ga abin da ya fi ba ni mamaki a cikin kwatancen. A Wales ɗa ne ya sani, ya ɓoye wa uba. A Adar uba ne ya sani, shi da duk gidan, suka ɓoye wa ɗa. Duk sanda ya kira ya ce "Yaya jikin tsoho?" amsa ɗaya ce: "Da sauƙi." Mu kam ko mutum na gargara da sauƙi ne. Ana yin haka da kyakkyawar niyya, kada a ta da hankalin wanda ke nema a ƙasar mutane, kada ya bar aiki ya taho alhali da abin da yake aikowa ake cefane. Ƙasar da samarinta ke watsewa bayan kaka zuwa Abijan da Legas da Kamaru da Libiya ta koyi wannan ƙaryar ta ladabi tun da daɗewa. Sakamakonta shi ne ɗa ba ya jin gaskiya sai ranar da gaskiyar ba ta da sauran amfani, sai ya rikice ya fara ba da umarni ta waya, a kai shi can, a yi masa kaza, shi kuma tsohon ya riga ya wuce wannan tashar.

Mu da muke cewa waƙar Manrique ce tamu, mu sake duba yadda ta ƙare. Tsohon bai yarda da mutuwa shi kaɗai a ɗaki ba. Ya yarda ne ƴaƴansa na tsaye. Haka Annabi Yaƙub, da ajali ya zo masa, ƴaƴansa ya tara ya tambaye su abin da za su bauta wa a bayansa, suka ba shi amsa da bakinsu. Natsuwar da muke yabo tana da kayan haɗi: a faɗi bashin da ke kai da wanda ake bi, a nuna iyakar gona tun mai ita na iya nunawa da sanda, a ce wa zai riƙe ƙananan yara, a nemi gafarar juna. Mun san rigingimun gado nawa ne ke kaiwa gaban hakimi don an bar waɗannan sai bayan sadakar arba'in. Kuma akwai kalmar nan guda da duk ɗan Bahaushe ke son ji kafin a rufe ido, "Na yafe maka, Allah ya yi maka albarka." Ana iya turo ta a saƙon murya, na ji an yi. Amma wanda aka dafa wa kai aka faɗa masa ya san ba ɗaya ba ne.

Da tsohon ya ce "in kuɗin sun isa mota ya zo," ba ƙin magani kawai yake yi ba. Yana gaya wa ɗansa abin da kuɗin za su iya saya a yanzu da abin da ba za su iya ba. Na so a ce Baffan ya mayar da saƙon yadda aka faɗe shi. Da na tambaye shi da dare me ya gaya wa yaron, sai ya ce ya ce masa an gode, za a duba, jikin ma da sauƙi.

Na bar garin ran Laraba. Bayan kwana tara aka kira ni aka ce tsohon ya cika da asuba, ƴarsa na riƙe da hannunsa, ƙanensa na laƙƙana masa shahada, aka rufe shi kafin rana ta yi zafi. Ɗan ya iso ran sadakar uku, bayan kwana biyu da yini a mota, da atamfofi da shaddar da ya saya wa uban tun azumi.

Ku da ke gida, Baffa da Inna da ƙanne, in kun ga ciwon tsoho ya wuce mako biyu ku faɗa wa na waje gaskiya tun ana iya ɗaukarsa zuwa likita, ku bar shi ya yi faɗansa a lokacin da faɗan zai yi aiki. Kai kuma da ke can, in ka kira sau uku ana ce maka da sauƙi amma ba a miƙa masa wayar ba, kada ka tsaya aiken kuɗi. Je ka tasha.